Yadda ake gina ƙungiyar masu ba da shawara, da wanda ya kamata ya riƙe linzaminta

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a nan Damagaram, ina sauraron ƴan mata da iyayensu a wani ɗakin sauraro, ina kuma zagayawa lakwal-lakwal. Mu kusan ashirin ne muke irin wannan aiki a gari. Wasu sun karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Yamai, wasu malaman lakwal ne da aka ba horo, wasu kuma daga likita suke. Mun ce mu kafa ƙungiya, amma zama biyu muka yi, duka biyun a kan wa zai zama shugaba suka watse. Don Allah yaya ake tsara irin wannan ƙungiya, wa ke da ikon me, kuma za ta iya hana wanda bai san aikin ba ya yi shi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa. In na fahimce ki, kina son sanin yadda za a raba iko tsakanin mutum ashirin masu aiki ɗaya amma karatu dabam-dabam, da kuma ko ƙungiyar za ta sami haƙoran cizon wanda ya ɓata aikin. Na yi shekaru ina sauraron ɗalibai da iyaye a garin nan, na riƙe alƙalamin sakatare a wata ƙungiya irin taku, daga baya kuma na zauna a kwamitinta na ladabtarwa. Abin da na gani a waɗannan kujeru shi zan faɗa miki.

Watsewar zamanku biyu bai ba ni mamaki ba. Kun shiga neman limami tun ba a shata masallaci ba. Kujerar da ba a rubuta iyakarta ba, kowa yana tsoron wani ya hau ta, kuma yana da gaskiya. Ranar da aka rubuta cewa shugaba ba ya taɓa kuɗi shi kaɗai, ba ya korar kowa, ba ya wuce wa'adi biyu, za ki ga rabin masu zafin neman kujerar sun huce.

Ƙungiya daban, hukumar sana'a daban

Bari in fara da ƙarshen tambayarki, don nan ne aka fi yaudarar kai. Tsara sana'a ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Mahauta na da Sarkin Fawa, maƙera na da sarkinsu, wanzamai na da Sarkin Aska, kuma tun da can in wanzami ya yi wa yaro ɓarna akwai ƙofar da iyaye za su buga. Amma maganar waɗannan sarakuna tana da nauyi ne saboda fada na bayansu. A tsarin zamani, abin da ya maye gurbin fada shi ne doka. Lauyoyi na da baro, wato majalisarsu ta lauyoyi, likitoci na da majalisar sana'arsu da doka ta kafa, kuma wanda aka cire sunansa daga kundinsu ya rasa damar yin aikin. Ƙungiyar da ku ashirin za ku kafa ba haka take ba. Ikonta a kan membobinta kaɗai yake. Tana iya jan kunne, tana iya dakatarwa, tana iya karɓe katinta, tana iya sanar da wurin aikin mutum. Ba ta iya rufe ɗakin kowa, kuma wanda bai shige ta ba, ba ta da hannu a kansa.

Kada wannan ya sare miki gwiwa, ko'ina da haka aka fara. Babbar ƙungiyar masu ba da shawara ta Amurka ta samo asali ne a 1952, lokacin da wasu ƙungiyoyi huɗu suka haɗe, ta kuma fitar da kundin ɗa'arta na farko a 1961. Amma lasisin aiki jihohi ne ke bayarwa, kuma sai a 1976 jihar Bajiniya ta zama ta farko da ta yi dokar hakan. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa tasu, wadda ake kira CASSON, a 1976, amma dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar sai a 2022 aka sa mata hannu. Shekara 46 ke nan suna aiki da katin ƙungiya da mutuncinsu kawai. A Faransa doka ta tsare sunan masanin halayyar ɗan Adam tun 1985, amma kundin ɗa'arsu na 1996 ƙungiyoyi ne suka rubuta shi da kansu, ba majalisar dokoki ba. Wato ƙungiya ce ke fara nuna cewa masu sana'a sun iya tsare kansu, sannan hukuma ta biyo baya.

Takardu

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Tushen dokar ƙungiyoyi a Nijar shi ne oda mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984, tun zamanin Seyni Kountché, wadda aka yi wa gyara a 1991. Ana zaman kafuwa, a rubuta PV, wato takardar bayanin abin da aka yanke a zaman, a amince da tsarin mulkin ƙungiya da dokokin cikin gida, a haɗa da sunayen ƴan biro, wato shugabannin da ke gudanar da ƙungiya, a kai wa hukumar inda mazaunin ƙungiya yake. Za a ba ku risifise, wato takardar shaidar karɓar takardunku, na wucin gadi, sannan izini ya fito daga ministan cikin gida, a buga a jaridar gwamnati. Dokar ta hana ƙungiyar da aka gina a kan ƙabila ko yanki, saboda haka ku rubuta ƙarara cewa sana'a ce sharaɗin shiga. Batubo, Babarbare, Bafillace, Buzu ko Bazabarme da aiki ya kawo shi garin nan, duk ƙofa ɗaya ce. Ni ba lauya ba ne, kuma takardun da ake nema suna sauyawa, don haka kafin ku buga komai ku tura mutum biyu ofis su karɓo jerin abin da ake buƙata a yau. Abu ɗaya kawai zan roƙe ku: kada ku ari tsarin mulkin wata ƙungiyar raya karkara ku goge sunanta ku sa naku. Na ga an yi, sai ranar rigima aka buɗe takarda aka tarar babu layi ko ɗaya a kan sirri.

Wa ke memba

Nan ne rigima ta biyu za ta taso, kuma ta fi ta shugabanci zurfi. Mai digiri zai ce malamin da ya yi horon mako biyu ba tsaransa ba ne. Malamin kuma zai ce shi ya yi shekara goma sha biyar yana share hawayen yara tun mai digirin yana ɗan lakwal. Dukansu suna da gaskiya. In kuka rufe ƙofa sai masu digiri, za ku zama mutum biyar a ɗaki, sauran kuma su ci gaba da aiki ba mai duba su, wanda shi ne ainihin abin da kike tsoro. In kuka buɗe ta wa kowa daidai wa daida, katinku ba zai nuna komai ba.

Abin da ya yi mana aiki shi ne hawa-hawa. Akwai cikakken memba, mai takardar karatun fannin ko mai horo da shekarun aiki da kwamitin tantancewa ya gamsu da su. Akwai memba mai koyo, wanda ke aiki ƙarƙashin idon wani cikakke, kuma an rubuta masa hanyar da zai bi ya hau. Akwai ɗalibai, kuma tunda Jami'ar André Salifou na nan cikin gari, kada ku manta da su. Akwai membobin girmamawa, dattawa da malaman addini da sarakunan gargajiya da ke tura muku mutane, ana jin shawararsu amma ba su jefa ƙuri'a. Ni ina ganin mai koyo ya yi zaɓe, amma kada ya zauna a kwamitin ɗa'a, wato mai duba ƙorafi a kan membobi. Wasu abokan aikina ba su yarda da ni a kan zaɓen ba, suna cewa masu koyo sun fi yawa, za su rinjayi taro. Hujja ce mai ƙarfi. Ni dai na fi tsoron mutum ya biya kuɗi shekara uku ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, don irin wannan ba ya faɗa, zuwa kawai yake dainawa.

Babban taro da biro

Mai ƙungiya shi ne babban taro, wato membobi duka in sun zauna. Shi ke zaɓe, shi ke tsigewa, shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi kaɗai ke taɓa tsarin mulki. Biro ƴan aike ne. Sau ɗaya a shekara, ko da ƙasa da sama za su haɗe, a yi wannan taro, sakatare ya karanta abin da aka yi, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ku rubuta adadin da sai ya cika taro ke halatta, misali rabin membobi da mutum ɗaya, ku kuma rubuta abin da za a yi in bai cika ba: a sake kira bayan mako biyu, wanda ya zo ya wadatar. In ba ku sa wannan ba, wasu masu fushi na iya ƙaurace wa taro su daskarar da ƙungiya shekara guda. Ku kuma ba kashi ɗaya cikin uku na membobi ikon kiran taron gaggawa ko shugaba bai so ba. Wannan layin guda ya fi shafi goma amfani.

Ku ashirin ne, biro na mutum biyar ko bakwai ya ishe ku: shugaba da mataimaki, sakatare, ma'aji, mai kula da horo. Na san al'adarmu ta raba muƙami don kada ran kowa ya ɓaci, har a sami mataimakin mataimakin mai yaɗa labarai. In mutum goma sha biyar cikin ashirin suna biro, wa ya rage ya tuhume su? Wa'adi shekara biyu ko uku, a sabunta sau ɗaya tak. Zaɓe kuma a ɓoye, da takarda a cikin kwali. A garin da kowa surukin wani ne ko ɗalibinsa, ɗaga hannu ba zaɓe ba ne, kunya ce ake ƙidayawa.

Akwai wata dabara da ƙungiyar Amurka ta daɗe tana bi wadda nake sha'awa. Ana zaɓen mutum ya yi shekara yana shugaba mai jiran gado, ya yi shekara yana shugaba, ya sake yin shekara yana tsohon shugaba a cikin majalisa. Mai shigowa ya koyi aiki kafin ya karɓa, mai fita kuma bai tafi da kundi a hammata ba. Shekara ɗaya ta yi mana kaɗan a nan, inda takarda ɗaya kan ci watanni, amma barin tsohon shugaba a biro yana ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba, wannan ya karɓe mu.

Kuɗi

Kowace mace a garin nan ta san adashi ba ya mutuwa sai daga hannun uwar adashi. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, sa hannu biyu kafin a fitar da ko dala. Ku zaɓi masu binciken kuɗi mutum biyu waɗanda ba ƴan biro ba, su kai rahotonsu ga babban taro kai tsaye. Kuɗin wata ya zama wanda mai ƙaramin albashi zai iya, ko jika ɗaya ce, amma a biya, a ba da rasit. Na nesa su turo ta Nita ko makamancinta.

Ku yanke tun yanzu ko asusun zai shiga biki da suna da rasuwa. Mu ba mu yanke ba, sai ga shi cikin shekara guda kuɗin horo sun tafi gudummawa, kuma ba wanda ya ci ko sisi, tausayi ne ya cinye su. Ku ware akwatin zumunci daban. Game da masu ba da tallafi kuwa, za su zo, don aikin sauraro yana da kasuwa wajen ƙungiyoyin agaji. Ku karɓa in ya dace, amma ƙungiyar da fitilarta ke ci da man wani, ranar da ya tafi duhu za ta kwana. Kuma duk ɗan biro da ke da amfani a wata kwangila, ya fita ɗaki kafin a yi maganarta.

Kwamitin amana

Duk abin da na faɗa a sama, ƙungiyar masu sayar da albasa ma tana buƙatarsa. Abin da ya raba ku da su shi ne wannan. Hajarku sirrin mutane ce. Yarinya ta shigo ta rufe ƙofa ta faɗa miki abin da ba ta faɗa wa uwarta ba. Ba ta san tsarin mulkinku ba, ba ta biyan kuɗin wata, ba ta da ƙuri'a, amma saboda ita ake kafa ƙungiyar.

Zan ba ki labarin da har yau yake ci mini rai. Wata ɗaliba ta gaya wa wani membanmu halin da take ciki. Shi kuma ba da mugunta ba, ya koma gida da nauyin abin a ƙirji, ya faɗa wa maiɗakinsa. Kwana huɗu aka yi, maganar ta fito a gidan suna. Yayar yarinyar ce ta zo ta same mu ranar wata Asabar, muna zaune a kan bencin yara a wani aji da aka ara mana, butar shayi na kan gawayi a bakin ƙofa. Ba ta zauna ba. Ta tsaya riƙe da bakin mayafinta ta ce, "Ku ne kuka ce mata ta faɗa, ba mai ji." Ba wanda ya iya ɗaga kai. Mutumin aminin shugabanmu ne, tare suka yi karatu, kuma takardunmu sun ce biro ne ke duba ƙorafi. Aka ce a bari a yi magana da shi a hankali. Maganar ta mutu a nan. Yarinyar ba ta sake komawa lakwal ba.

Bayan wannan ne muka sake gini, kuma ga abin da muka koya. Kwamitin ɗa'a babban taro ke zaɓensa, ba shugaba ke naɗa shi ba, kuma ba ɗan biro ko ɗaya a ciki. Mutum uku ko biyar, dole da mace, don akwai ƙorafin da ba za a taɓa kai wa namiji ba. Wa'adinsu kada ya ƙare rana ɗaya da na biro. Ana karɓar ƙorafi da baki, da Hausa ko Barbarci ko duk harshen da mutum ke ji, ɗan kwamiti ya rubuta ya karanta masa ya amince. In kuka ce sai an rubuto da Faransanci, kun kori mafi yawan masu zuwa wurinku tun daga zaure. Wanda ake ƙara a sanar da shi a rubuce, a saurare shi, ya zo da wanda zai tsaya masa in yana so, don shi ma yana da haƙƙi, kuma ƙazafi na nan a duniya. Ɗan kwamitin da ke da dangantaka da ɗayansu ya janye. A sa wa'adin yanke hukunci, don jinkiri shi ne hanyar da muka fi kashe magana da ita. Hukunci hawa-hawa ne, daga jan kunne, zuwa aiki ƙarƙashin idon wani, zuwa dakatarwa, zuwa kora, kuma akwai ɗaukaka ƙara gaban babban taro ba tare da an ambaci sunan mai ƙorafi ba. Abin da ya kai laifi a doka, kamar taɓa yarinya, ba na kwamiti ba ne shi kaɗai, na hukuma ne, kuma ƙungiya ba ta rufa wa kowa asiri a nan.

Kundin ɗa'ar kansa kada ya yi tsawo. Shafi uku da kowa ya karanta ya sa hannu sun fi littafin da ke cikin kabad. Ya faɗi mene ne sirri da inda yake ƙarewa, wato in rai na cikin haɗari ko ana cutar da yaro, kuma a gaya wa mutum wannan iyaka tun zaman farko. Ya hana neman aure ko soyayya ko kasuwanci da wanda kake saurare. Ya ce in abu ya fi ƙarfinka ka tura likita, kada ka riƙe mai ciwon da ke buƙatar magani kana ta ba shi haƙuri. Ya faɗi inda ake ajiye kundi da wanda ke riƙe da makulli. Ya kuma yi magana a kan WhatsApp, don yanzu ta nan sirri ya fi zuba. Mutum ya yi saƙon murya a zauren ƙungiya yana neman shawara, bai faɗi suna ba, amma ya ce ƴar wani mai shago ce a Zango, aji kaza. A Damagaram wannan ya fi suna.

Akwai wurin da har yau ban iya yanke wa kowa hukunci ba. Kundayen da aka rubuta a Turai suna ɗaukar mutum shi kaɗai ne mai sirrinsa. Mu kuwa uba zai zo ya ce ƴarsa ce, miji ya ce matarsa ce, kuma al'ada da addini sun ba su matsayi na gaske. Ƙin yi musu magana sam yana iya sa a hana yarinyar dawowa, faɗa musu kuma cin amana ne. Ni abin da nake yi, ina tambayar mai maganar me ta yarda in faɗa, mu shirya kalmomin tare, wani lokaci ta faɗa da bakinta ina zaune. Ba kullum yake yi ba. Shi ya sa nake son ku sa zaman duba aiki sau ɗaya a wata, inda za a kawo irin waɗannan a tattauna an ɓad da kamannin mai su. Mai sauraro ma yana gajiya, kuma wanda bai da inda zai sauke kayansa cikin abokan aiki, a gida zai sauke, kamar yadda ya faru da mutumin nan namu.

Na waje da gari

Kada ku manta da abokan aikinku na Mirya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure. Su ne suka fi kaɗaici, su ne kuma ba sa iya zuwa kowane zama. Ku ba su damar wakilta wani a rubuce, amma mutum ɗaya kada ya riƙe wakilci fiye da ɗaya ko biyu, in ba haka ba wani zai shigo taro da ƙuri'a goma a aljihu. In sun kai biyar a wuri su yi reshe mai wakili a biro. Yamai kuma tana da nisan kusan kilomita 900, amma can ake rubuta doka. Ku nemi masu irin aikinku a can da Maraɗi da Tawa tun yanzu, don ranar da za a nemi doka ta san da wannan sana'a, ba ƙungiyar gari ɗaya za a saurara ba.

A zamanku na uku, ƙanwata, ki ba da shawara a ajiye maganar shugaba gaba ɗaya. A zaɓi mutum uku su rubuta daftari cikin wata ɗaya, da sharaɗin cewa su ukun ba za su tsaya takara a zaɓen farko ba. A sami dattijo ko dattijuwa da ba ta neman komai ta jagoranci zaman. Ku fara karanta shafin sirri da na kwamitin ɗa'a, kowa ya sa hannu, sannan na kuɗi, sannan a kawo kwalin ƙuri'a. In daftarin ya samu, ki kawo mini in duba muku shi kafin ku kai ofis.